Shawarar komin kaɗai za ta tsare burtali da bakin kori?

Malam Isufu: Salamu alaikum. Ni a ganina, ranar da komin, wato ƙaramar hukuma, ta yanke cewa ba noma, ba yanka filin gida a cikin burtali ko a bakin kori, wato kwarin da ruwan damina ke bi, magana ta ƙare. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 tana nan, dokar kiwo ta 2010 kuma ta sa burtali cikin dukiyar al'umma, ba mai sayar da shi. Hanyar da saniya ke bi daga tudu zuwa gulbi, ita zabon daji da zomo da dila ke bi.

Hajiya Rabi: Amin wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Takarda a ofis ba ta hana garma shiga. Sai Kofo, wato hukumar kula da filaye, ta fita da mai gari da arɗo da masu gonakin gefe, a taka wurin da ƙafa, a ɗauki iyaka da GPS, kowa ya sa hannu, sannan a kafa turakun siminti. Ɓarnar kuwa tsakanin turaku take faruwa: manomi ya ci kunya ɗaya bana, biyu baɗi, shekara goma burtalin mita 50 ya koma hanyar amalanke. Shi ya sa ake dasa aguwa ko dashi a tsakani, da bazara kafin ruwa ya sauka, don reshen aguwa ruɓewa yake a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Malam Isufu: To ai duk wannan komin ce ke ba da umurninsa, Hajiya.

Alhaji Mamman: Ku biyun kuna maganar shanu ne. Naman daji mafaka yake nema. Galibin burtalanmu garmani ya cinye su, dabba ba ta damu da shi ba, ga shi yana kashe ciyawar kirki. Sai an tuge shi kafin ya zuba ƴaƴa, damina biyu ko uku a jere, a watsa irin gamba da kyasuwa, a bar kututturan sabara da kalgo su tofo kamar yadda ake yi a sassaben zamani. A da giwaye na shigowa dajin Baban Rafi daga Najeriya. Raƙuman dawa takwas da aka kai gandun dajin Gadabeji a 2018, a mota aka ɗauko su daga Kure, don babu sauran dajin da ya haɗa wuraren biyu.

Malam Laminu: Alhaji ya taɓo inda ke mini ciwo. Kori kuma daga tudu yake haihuwa. In fako ya hana ruwa shiga ƙasa, ko mita 100 aka ware a bakin gaɓa, zaizaya za ta cinye su. A fara daga sama: rami mai siffar rabin wata mai faɗin mita 4, kusan 300 a hekta, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, layi na biyu ya toshe giɓin na farko. Shingen dutse cikin raga kuma tsakiyarsa ta fi gefe gajarta, fikafikansa su nutse cikin gaɓa. In ba haka ba ruwa ya zagaye shi ya buɗe sabon kori. Kada a manta ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga fadama zuwa tudu.

Hajiya Rabi: Ga masu tifa da ke kwasar yashi a gindin gaɓa. A ware musu wuri a tsakiyar kwari, nesa da gada.

Malam Isufu: Duk na ji, amma in komin ba ta fara hana yanka filaye ba, a ina za ku haƙa rabin watan? A tsakar gidan mutum?

Malam Laminu: Ta hana, mun yarda. Sai dai kuɗin turaku da na mai gadi su shiga kasafin wannan shekarar, kuma komin ta sama da ta ƙasa su zauna tare. Gulbin Maraɗi ya ratso Madarunfa kafin ya iso mu a Maraɗi, ya wuce Tibiri da Gidan Runji. Ruwansa ma madatsar Jibiya ce ke riƙe da shi.