Wai mutum shi ke zaɓen mawaƙinsa, ko cusa mai ake yi?

Kawu Direba: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ɗauko wasu samari daga Gusau za mu Mafara, tun daga tasha har munka wuce Bungudu gardamar mawaƙa suke, wanga shi ce nashi ya fi, wancan shi rantse tun da anka haife shi bai ji murya irin ta gwaninai ba. Ni dai ina tuƙi ban tanka ba. To ga tawa yanzu: duk wanda yac ce shi yaz zaɓi mawaƙin da yake so, bai san kainai ba. Ba a zaɓen mawaƙi. Abin da anka cika maka kunne da shi tun kana ƙarami shi za ka mutu kana so, sauran duk 'yan rakiya ne. Wanda bai yarda ba shi fito.

Ɗan Kaura: Wa alaikumus salam Kawu. Da girmanka da komai amma wannan kam ban hau ba 😂

Maman Hanifa: Kawu ai ni ce shedar farko a kanka. Gidanmu ka sani, Baba Allah ya jiƙan shi kaset ɗin Shata ne safe da yamma, in batir ya yi sanyi har rana yake shanya shi don dai kalangun nan kar ya tsaya, in zaren kaset ya kwance mu ake ba biro mu naɗe. Da maganarka gaskiya ce da yanzu ni ce shugabar masoyan Shata ta Zamfara. Amma wallahi ina girmama shi ne kawai, in na ji shi Baba nake tunawa, ba wai zan ɗauki waya da hannuna in kunna ba.

Kawu Direba: Ɗiyata, tunda kina jin shi ki tuna mahaifinki ai ya shiga jini ke nan. Mi ya rage?

Maman Hanifa: Son Baba ne ya shiga jini Kawu. Wanda nake so da gaske sai bayan an kai ni ɗaki na same shi, kuma ba zan faɗi sunansa ba don kar Ɗan Kaura ya samu abin tsokana. An kai ni garin da ban san kowa ba, maigida ya fita tun asuba sai dare, ga kewar gida ga kunyar dangin miji, rannan ina wanke-wanke sai na jiyo waƙa ta katanga daga wayar maƙwabciyata, yana maganar yarinyar da aka raba da gidansu, wallahi tsayawa na yi da kwano a hannu sai ga hawaye, kamar wani ya je ya ba shi labarina. Da la'asar na shiga na ce ta tura man. Daga nan duk abin da ya fitar sai na nema, har waɗanda ni kaina na san ba su yi daɗi ba ina kare su. To wa ya cusa man wannan?

Mai Caji: Anti ni na cusa maki, ko wani ɗan uwana mai irin sana'ata 🤣 Ina maƙwabciyar taki ta samo ta? Shagonmu.

Bari in gaya maku abin da nake gani kullum. Mutum zai zo daga ƙauye ranar kasuwa ya miƙo memori ya ce "zuba man waƙoƙi masu daɗi". Shi ke nan fa, ba sunan mawaƙi ba komai. Ni kuma abin da ke kusa cikin kwamfuta shi zan kwafe in zuba mai, wani lokaci ma wanda na zuba wa na gabansa ne don sauri. Bayan wata ɗaya ya dawo yana ce man ai shi duk duniya ba ya da kamar wane, a ƙaro mai sababbi. A zuci in ce bawan Allah da ranar wani folda hannuna ya taɓa da yanzu wani kake rantsuwa da shi. Kun tuna Satumbar 2021 da anka ɗauke sabis a Zamfara? Ba TikTok ba YouTube ba WhatsApp, kowa ya dawo wurinmu da Xender da Bluetooth, lokacin abin da munka zuba shi gari ya ji. Don haka ni ina bayan Kawu, sai dai ba iyaye kaɗai ke cusawa ba, har da mu.

Kawu Direba: Allah shi yi maka albarka yaro. Ga wanda ke cikin harkar ya faɗi.

Malam na Mafara: Alhaji a yi man izini in sa baki, don ina ga abu biyu kuka haɗa wuri ɗaya. Yadda mutum ya fara jin mawaƙi daban, yadda ya kamu da shi daban. Na farkon kam na yarda ba hannunka a ciki, ko a mota ko gidan biki ko shirin zaɓen waƙoƙi na Rediyon Kaduna da iyayenmu ke kamawa, ko Rima Rediyo tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato kafin a cire Zamfara a 1996. Kunne kuma yana son abin da ya saba da shi, wannan ba gardama.

Amma ga nawa. Ina yaro in anka sa Narambaɗa tashi nake in bar wurin. Faifan ya tsufa yana shuu, kotso na ta bugu, 'yan amshi na ta maimaita abu ɗaya, ga Hausar ba na gane rabinta. Ce nake kayan tsofaffi ne. Sai da na girma na fara aiki, na ga yadda ake hassada da neman muƙami da yadda ɗan uwa ke yi wa ɗan uwa zagon ƙasa, sannan wata rana na sake jin shi ina zaune ni kaɗai, sai na ji ashe mutumin nan ba yabon Sarkin Gobir na Isa kaɗai yake ba, habaicin da yake wa 'yan sarki masu jiran gado da zambon da yake wa maƙiyan ubangidansa, wallahi kamar ya zauna ofishinmu. Tun rannan ban sake shi ba. Waƙar tana nan yadda take tun ina ƙarami, ni ne ban kai wurin ba.

Kawu Direba: To Malam ai ka gama man aiki. Tun kana yaro anka shuka, da lokaci ya yi ta tsiro.

Malam na Mafara: A'a Alhaji, kar ka yi saurin kai ta gida. Mu nawa ne a gidan? Rediyo ɗaya, uba ɗaya, tabarma ɗaya. Yayana har gobe waƙar Indiya ce tashi, ƙanena ba ya jin komai sai bege, ni kaɗai na faɗa hannun makaɗan fada. In cika kunne ne kaɗai, mi ya raba mu?

Baban Sadik: Ni akwai wanda ban ji kun taɓo ba, wato gari da kuma wanda ake wa waƙar. Ni mutumin Yawuri ne zama ya kawo ni Gusau, kuma in na ji Sani Aliyu Ɗandawo tsigar jikina tashi take, ban san ko don muryar ba ne ko don namu ne. Ku je Tsafe ku ce Ɗanƙwairo bai iya ba ku ga in za ku fito lafiya, mutumin da ya wasa 'Yandoto, sarkinsu, har duniya ta san shi. Mutanen Rawayya da Jankiɗi haka, ɗansu ne ya je ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Malam kai ma ku na Mafara ai ba ku rasa jin Sa'idu Faru a jini saboda Sarkin Kudu Macciɗo ya zauna garinku.

Sannan ku dubi 'yan dambe. Da yawa ba Ɗan Anace suka fara so ba, Shago suka fara so, to wanda ke kiran sunan gwaninka cikin kalangu dole ka so shi. 'Yan tauri da Kassu Zurmi ma haka. Mawaƙin ta ƙofar wani yake shigo maka.

Ɗan Kaura: Yaya wannan gaskiya ne amma irin wannan son yana da saurin karyewa fa. Dubi mawaƙan siyasa na yanzu, ranar da mawaƙi ke jam'iyyarku shi ne fasihin ƙarni, ringin ɗin wayarka ma shi ne, ranar da ya koma wancan ɓangaren sai ka ji ai dama maroƙi ne ba ya da murya. Na ga wanda ya goge folda guda cikin fushi a gabana.

Baban Sadik: Ya goge a gabanka, ka bi shi ɗaki da dare ka ji abin da yake bi a hankali 😄

Auta: Ina wuninku iyayena da yayyena. Ni fa duk wannan zancen rediyo da kaset labari nake ji. Ni a 2020 lokacin kullen korona na san Hamisu Breaker, lokacin da waƙarsa ta fashe mata na ta rawa gaban mazajensu ana ɗorawa ana ta surutu a kai, ɗan guntu ne ma na fara ji ko minti ɗaya bai kai ba, sai na je na nemo cikakkiyar, daga nan na koma baya na tono tsofaffin da ya yi kafin a san shi sosai, na bi shafinsa, yanzu in an taɓa shi a kwament ji nake kamar yayana aka zaga. Gidanmu ba mai jin shi, Inna ma cewa take in rage ƙara. Ni na nemo abina.

Kawu Direba: Auta ke ce ma anka fi cusa wa. Mu mutum ne ya cusa muna, ke na'ura ce. Wa ya kawo maki guntun gaban ido? Ke kinka aika a kawo?

Auta: Kawu wayar tana kawo man mawaƙa kala-kala kullum, da ɗan yatsa nake ture su ko daƙiƙa biyu ba su yi. Shi ne na tsaya. A motarka kuwa fasinja ba ya da ikon turewa, in ka sa abinka daga Gusau sai Sakkwato 😭

Maman Hanifa: Auta kin kashe ni 🤣🤣 wallahi na taɓa shiga, kotso tun daga Maru har kaina ya fara amshi

Mai Caji: Amma Auta ki sani ita ma wayar lura take da inda kika daɗe, sai ta riƙa ƙaro maki irinsa har ki ga kamar duniya ba wani mawaƙi. Aikina take yi, sai dai ita ba ta karɓar kuɗin turi, data take ci.

Malam na Mafara: To ai sai ta daɗe ɗin tukuna wayar ke ƙarowa. Tsayawar farko tata ce.

Alhaji ni tambaya gare ni. Kowa ya san kai na Ɗanƙwairo ne, motarka shaida ce. Kuma na san marigayi mahaifinka malami ne, gidanku ko gangar tashe ba ta tsayawa ƙofa. To a ina anka cika maka kunnen tun kana ƙarami?

Ɗan Kaura: Tooo 👀

Kawu Direba: Malam ka iya tarko. Gidanmu kam ba a kiɗa, gaskiya ne. Wurin maigidana na same shi, wanda ya koya man mota, lokacin ina yaron mota na riga na fara gemu. In munka taso da dare shi ka sa kaset don kar barci ya ɗauke shi, ni ina gefe ina riƙe da ido. Rannan munka sauka lafiya bayan wata doguwar tafiya da ruwan sama da taya ta fashe muna cikin daji, ya miƙo man makulli karon farko yac ce in gyara fakin, Ɗanƙwairo na tashi cikin mota. Ko da Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 wallahi ji na yi kamar a gidanmu anka yi rashin. Amma ai duk cusawa ce, maigida uba ne.

Malam na Mafara: Kaset ɗaya gare shi a motar?

Kawu Direba: Ina fa. Akwai Shata akwai Ɗanmaraya akwai Sani Sabulu na Kanoma, aljihun mota cike.

Malam na Mafara: Duk ka ji su dare da rana, kunne ɗaya mota ɗaya, amma ɗaya ka ɗauka ka bar sauran. Kuma da gemunka.

Maman Hanifa: Kawu ranar makulli ce ta kama ka, kamar yadda ranar wanke-wanke ta kama ni. Ka dawo layinmu kawai mu yi maka wuri.

Kawu Direba: Ba inda za ni. Da maigida bai sa ba da ina zan ji shi ranar makullin? Ku dai kun fi ni baki ne. Kuma don a raba gardama, Auta ki shirya ranar da za ki koma makaranta Sakkwato ni za ni kai ki kyauta, gidan gaba, Ɗanƙwairo tun daga tasha, in munka kai Tureta ba ki fara kaɗa kai ba ki kira ni maƙaryaci.

Auta: Na yarda Kawu. Amma ranar dawowa hutu wayata za a haɗa da sifikar motar, mu ga ko kai ma za a cusa maka.

Kawu Direba: Ranar dawowa ki nemi wata mota.