Shin inshorar rai tana biyan iyali idan mutum ya rasu a yaƙi?

Maman Hauwa: Assalamu alaikum. Don Allah masana, idan soja ya yi inshorar rai ya kuma rasu a fagen daga, kamfani zai biya iyalinsa? Kuma gaskiya ne kuɗin inshora na taimakon ƙasa lokacin yaƙi?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ya danganta da abin da aka rubuta. Takardun inshora da yawa na da sharaɗin yaƙi, kuma iri biyu ne. Wani ya ce ba a biya idan yaƙin ne sanadin mutuwar. Wani ya fi tsauri: muddin mutum yana aikin soja a lokacin yaƙi, ko zazzaɓi ne ya kashe shi, iyakaci a mayar da abin da ya zuba. Dalili kuwa, kamfani ya yi lissafinsa ne a kan mace-macen zaman lafiya, inda matashi bai cika mutuwa ba. Yaƙi kuwa matasan yake kwashewa a tare. A duba har ma'anar "yaƙi" a takardar. Bayan yaƙin Koriya kotunan Amurka sun saɓa a kan haka, tunda majalisa ba ta taɓa ayyana shi ba.

Alhaji Ɗanlami: Shi ya sa gwamnati ke shigowa. A Oktoban 1917 Amurka ta buɗe wa sojojinta inshora daga dala 1,000 zuwa 10,000, ana cirewa daga albashi a farashin zaman lafiya, baitulmali ya ɗauki ƙarin asarar. Ba a dunƙule ake biya ba: mai dala 10,000, iyalinsa na karɓar dala 57.50 duk wata, har wata 240. Wannan tsari ya yi, domin kuɗin da aka danƙa wa gwauruwa a rana ɗaya ba ya daɗewa a hannunta. Inda aka samu cikas, da yawa sun daina zubi bayan sallama, inshorar ta mutu.

Batun taimakon ƙasa, gaskiya ne. Kamfanoni ba sa ajiye zubin jama'a haka nan, takardun lamunin gwamnati suke saya, wato suna ba gwamnati bashi. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu kusan rabin dukiyar kamfanonin inshorar rai na Amurka tana cikin irin waɗannan takardu.

Malama Rabi: A Najeriya, Hajiya, a tabbatar kamfanin na da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, a nemi amsa a rubuce kan yaƙi da ta'addanci, kada a dogara da bakin dillali. A sabunta sunan magaji bayan aure ko haihuwa, nan ne rigima ta fi tasowa. Idan zubi ya tsaya, kariya ta tsaya. Mai gudun riba ya nemi takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, amma shi ma ya karanta sharaɗin yaƙinsa.