Me ke sa jama'a su yi ƙaura daga wata manhajar sada zumunta zuwa wata?

Bintu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sai ka ga manhaja cike da mutane, kwatsam kowa ya tattara ya koma wata. Mene ne ainihin dalili?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Galibi kamfanin ne ke taɓa abin da mutane suka saba da shi. A Agustan 2010 Digg, wata kafar da mambobi ke yaɗa labarai, ta sauya fasalin shafinta, ta fifita labaran manyan kafafe a kan na mambobi, jama'a suka kwarara zuwa kishiyarta Reddit. A Janairun 2021 WhatsApp ta sanar da sabbin sharuɗɗan sirri, nan take miliyoyi suka sauke Signal da Telegram.

Larai: Malam, akwai kuma batun masu kula da tsari. Idan aka bar zagi da tallan damfara suka yi yawa, masu amsa tambaya da ilimi su ke fara ficewa. Su kaɗan ne, amma su ke riƙe da wurin. Da sun tafi, tambayoyi su zauna babu amsa, sauran ma su bi sahu.

Malam Habu: Haka ne. Sai dai ƙaurar ba ta cika ɗorewa. Bayan sayen Twitter a Oktoban 2022 mutane da yawa sun buɗe asusu a Mastodon, wata manhaja mai kama da Twitter, amma zaɓen saba, wato ɗaya daga cikin rassanta masu zaman kansu da za su yi rajista a ciki, ya rikita wasu, abokansu kuma ba su biyo su ba, suka dawo.

Larai: Shi ya sa idan ku ma za ku yi ƙaura, Bintu, kafin ku tashi, ku sauke bayananku, ku sanar da ranar tafiya, ku tafi a tare.