Shef huɗu cikin shekara biyu, wai duk gyara ne

Ɗan Ader: Salamu alaikum jama'a. Yau dai bari in faɗi abin da ke cina. Ina aiki wani kamfani mai rarraba kaya nan Tawa, ba zan kama suna ba. Cikin shekara 2 sau 4 ana sake muna tsari daga Yamai. Da fari aka haɗe mu ƴan magaza da masu kai kaya wai a rage kashe kuɗɗi, wata 5 aka raba mu wai haɗin bai yi ba, sannan aka ɗora muna Konni da Madawa ba a ƙara muna mutum ko guda ba, jiya kuma takarda ta zo an sake juya komi. Kowane shef da irin rapor ɗin da yake so, kana gama koyon na wannan an ɗauke shi. Shef na biyu ya yi mani alkawalin ƙarin matsayi, kafin ya sa hannu aka yi mashi afektasiyo, wato aka maida shi wani wuri, na ukku ya ce bai san zancen ba, na huɗu ko sunana bai riƙe ba. Yawan aiki bai taɓa damuna ba, ni ɗan manomi ne. Abin da ya karya ni, duk abin da na gina sai a share in koma fari. Barci ya ƙaurace mani, na tashi da asuba gabana na faɗuwa, yarana sun fara tsoron yi mani magana. Wallahi wannan bauta ce.

Hajiya ta Konni: Ɗana, Allah ya kawo maka sauƙi, amma janye kalmar nan. Kai da ke Tawa bai kamata ka yi wasa da ita ba. Hadijatou Mani daga yankinmu take, tana da shekara 12 aka saida ta jikka 240 na sefa, sai 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ta gaskiya ta ce gwamnatin Nijar ta biya ta sefa miliyan 10. Wannan ita ce bauta. Kai ƙarshen wata albashi na shiga hannunka, in ka ga dama gobe ka aje aiki.

Ɗan Sandika: Hajiya da girmanki, ya aje ya tafi ina? Mutumin da ke da iyali da haya da bashin banki bisa albashi, ki ce in ya ga dama? Wanda ba shi iya cewa a'a mi sunanshi?

Hajiya ta Konni: Sunanshi ma'aikaci mai wahala. Tun 2003 dokar ƙasar nan ta sa bauta cikin manyan laifuka, ɗauri shekara 10 zuwa 30. Je ka tambayi ƴan Timidria, ƙungiyar da ke yaƙi da bauta, ko canjin shef na ciki.

Malamin Islamiyya: Ni ma kalmar ta tsaya mani a rai amma ta wani gefen. Bauta ta Allah ce shi kaɗai. Musulmi ya kiyaye harshenshi ko cikin fushi.

Ɗiyar Yamai: Malam to bautar ƙasa da ɗalibai ke yi bayan jami'a fa? Kowa haka yake ce mata, ba wanda ya ce an yi saɓo. Hausa ce kawai, ko mace ta gaji da daka sai ta ce na sha bauta yau.

Malamin Islamiyya: Yawan masu faɗi ba shi maida abu daidai, ƙanwata.

Matashin AES: Ni abin da ban gane ba mi ya kawo CEDEAO cikin zancen nan. Waɗanda suka rufe muna iyaka a 2023 har magani ya yi wuya, su ne za a kawo muna misali da su? Mu ƙasashen AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, mun fita daga CEDEAO tun Janairun 2025, a bar tuna muna.

Hajiya ta Konni: Yaro, hukuncin 2008 na faɗa, lokacin kana firamare. Fitarmu ba ta goge abin da ya faru da yarinyar nan ba.

Matashin AES: Hajiya ban raina ki ba amma kullum sai an nuna kamar sai na waje ke gyara mu.

Tsohon Kontabul: Ku tsaya ku ji ta bakin wanda ya zauna biro shekaru. Shi fa wannan yaron ya taɓo gaskiya ba tare da ya sani ba. Tun da hanyar Kwatanu, tashar jirgin ruwa ta Benin, ta rufe kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, tafiya ta ƙaru, kuɗɗin mota ya ƙaru, kamiyo sai ya jira rakiya. Mai kamfani in bai sake tsari ba rufewa zai yi. Kuma canji ba yau aka fara ba, dubi kamfanonin waya, Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010, Sonitel da Sahelcom aka haɗe su 2016 suka zama Niger Telecom, mutane sun rayu. Yaran yanzu ba ku da jimiri.

Ɗan Sandika: Baba, sau ɗaya ai kowa zai gane. Sau 4 cikin shekara 2, a haɗa a raba a sake haɗawa, wannan hanyar Kwatanu ce ta sa? Sabon direkta ne ke son a ga ya yi wani abu, mafi sauƙin abin da zai taɓa shi ne takardar muƙamai. Kuma su da ke Yamai cikin sanyin kilim ba su san nisan Abalak ba.

Ɗiyar Yamai: To ga shi an fara. Komi ya lalace a ce Yamai. Mu nan hedikwata mu ne farkon waɗanda ake kira taro ƙarfe 6 na marece a ce sabis ɗinku babu shi daga Litinin. Ni kaina teburina sau 3 ana ɗauke shi, har na bar aje hoton ɗiyata bisa. Ku can ko ba komi kuna kwana gidajenku na gado, mu rabin albashi haya ke ci.

Bakin Kasuwa: Ku duka masu albashi ne ke kuka. Ku zo tasha ku ga samarin Ader da ke tafiya bida Abijan da Libiya saboda babu aikin ma. Wani na neman jikka 42 ta mafi ƙarancin albashi bai samu ba, wani na kukan an canza mashi shef. Ka ba ni wurinka in ka gaji.

Ɗan Sandika: Irin maganar nan ita ke sa ana taka mu. Doka ta ce awa 40 a sati, dokar aiki ta 2012 ce ba ni na ƙirƙiro ba. Shi wannan bawan Allah da aka ɗora ma Konni da Madawa awa nawa yake yi, wa ya biya shi na sama?

Malamin Islamiyya: Ka ga kai ma ka ce bawan Allah. Nan ne kalmar ta dace.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni dai ba wanda na ga ya kula da rashin barcin da ya faɗa. Yaya, wannan gajiyar OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta san da ita, tun 2019 ta sa ta cikin kundinta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke jawowa: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, mutum ya ga ba shi iya komi. Ka je a auna maka tansiyo, kuma ka nemi kwanjenka, hutun aiki, haƙƙinka ne.

Tsohon Kontabul: Mu lokacinmu ba OMS, haƙuri ne magani.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba mu ke karɓar masu haƙurin nan in sun faɗi.

Admin: To jama'a a tsaya haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda ɗan'uwanmu ya yi kuskure da ya ce bauta, Hajiya da Malam sun kawo hujja mai ƙarfi, kuma Baba ya nuna muna halin da kamfanoni ke ciki, ni ma ina da ƴan yara 6 a shagona na san abin da biyan albashi yake nufi. Ɗan Sandika kullum zuga ce tashi. Shawara ɗan'uwa ya gode ma Allah ya riƙe aikinshi.

Ɗan Sandika: Kusan kowa? Ƙidaya ka gani.

Ɗan Ader: Hajiya na janye kalmar, ki yafe ni, ban yi nufin raina wahalar kowa ba. Ƙanwata ta likita na gode, gobe zan je a auna ni. Kwanjen ne ban san wa zan kai ma takardar ba, wanda ya kamata ya sa hannu tun jiya ba shi ne shef ɗina ba kuma, sabon ko sai Litinin zai taso daga Yamai.