Shawarwari kan zanen bayan shafin intanet

Masu tsara shafukan intanet da suka tattauna a Yamai sun fi jaddada cewa ƙaramin hoton da ake maimaitawa a bayan shafi dole ne gefensa na dama ya dace da na hagu, na sama kuma da na ƙasa, don kada mahaɗarsa ta bayyana. Sun ba da shawarar SVG, wato wani nau'in fayil ɗin hoto, ga zane mai layuka, kamar dagi ko saƙar tabarma, saboda ba ya dushewa idan an faɗaɗa shi, kuma yawanci ba shi da nauyi, abin da ke da muhimmanci ga mai buɗe shafi a wayar salula. Launin zanen ya kasance mai sanyi, domin WCAG, ƙa'idar da ke sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, ta nemi bambancin haske na aƙalla 4.5:1 tsakanin ƙananan haruffa da bayansu.