Muhawara: Ayabar da aka liƙa a bango aka sayar dala miliyan 6.2, fasaha ce ko wasa da hankali?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna wani batu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Nuwamba na 2024, gidan gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York ya sayar da ayaba guda ɗaya, wadda aka liƙa a jikin bango da salatef mai ruwan toka, a kan dala miliyan 6.2, wato sama da naira biliyan 10 a canjin wancan lokacin. Wanda ya ƙirƙiro abin ɗan Italiya ne mai suna Maurizio Cattelan, kuma ya raɗa masa suna Comedian. Wanda ya saya, Justin Sun, attajirin kuɗin kirifto ɗan asalin ƙasar Sin, ya tara 'yan jarida a Hong Kong bayan 'yan kwanaki, ya ciro ayaba daga bango ya ɓare ya cinye a gabansu. Matsayina shi ne wannan ba fasaha ba ce, kuma cinikin ya nuna cewa abin da ake kira fasahar zamani ya raba gari da gwaninta. Duk aikin da yaro ɗan firamare zai iya kwaikwaya cikin minti ɗaya, har a kasa bambance nasa da na asali, ban ga dalilin da zai sa a jera shi da aikin wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana koyon zane ko sassaƙa ba.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da aka sayar, domin ba ayabar ba ce. Mai saye yana karɓar takardar shaida da ke ba shi ikon nuna aikin da sunan Cattelan, tare da umarnin yadda za a kafa shi, har da tsayin da za a liƙa ayabar daga ƙasa, santimita 160, da kuma sauya ta duk bayan kwana bakwai zuwa goma idan ta fara baƙi. Shi ya sa lokacin da aka fara nuna ta a baje kolin Art Basel na Miami a watan Disamba na 2019, inda aka sayar da ita dala 120,000, wani mai fasaha mai suna David Datuna ya cinye ta a bainar jama'a, masu rumfar kuma suka liƙa wata ba tare da sun ce an yi asarar komai ba. Haka ya sake faruwa a 2023 a gidan adana kayan fasaha na Leeum da ke Seoul, inda wani ɗalibi ya cinye ta ya mayar da ɓawon jikin bango.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Tun a 1917 Bafaranshen nan Marcel Duchamp ya ɗauki tangaran ɗin fitsari irin wanda ake kafawa a bayan gidan maza, ya sa masa hannu da sunan aro, ya aika da shi wani baje koli a New York, masu shirya taron suka ƙi nuna shi. Tambayar da ya jefa musu ita ce ko hannun mai aiki ne yake mayar da abu fasaha, ko kuwa tunaninsa da zaɓinsa. Mu ma mun san wani abu mai kama da haka a ɗinkin babbar riga, inda wani ne yake zana aska da tawada a jikin yadi, wasu kuma su bi zanen da allura da zare, kuma babu mai cewa wanda ya zana bai yi aiki ba don bai riƙe allura ba.

Malam Nasiru:
Hajiya, misalinki na riga ni yake goya wa baya. Mai zana aska takwas ya koyi zanen shekara da shekaru a gaban wani, kuma idan ya karkata layi ɗaya maɗinki zai gane, mai saye ma zai gane. Bayan haka rigar za ta ci watanni a hannun masu ɗinki, sannan a sa ta, a gaje ta. A wurin ayabar babu zanen da aka koya, babu ɗinkin da aka yi, babu kuma kuskuren da za a iya yi, domin duk yadda aka liƙa ta daidai ne. Aikin da ba a iya lalata shi ta hanyar rashin iyawa, ta ina za a gane wanda ya iya?

Alhaji Garba:
Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka ta ɓangaren ciniki zan shigo. Ina ganin Malam Nasiru ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato ƙimar abu da farashinsa. Farashi ba ya auna gumin da aka zuba, yana auna yawan masu so da ƙarancin abin da ake so ne. Cattelan ya ƙayyade adadin da zai sayar zuwa uku kacal, ɗaya kuma ya riga ya shiga gidan adana kayan fasaha na Guggenheim a matsayin kyauta tun 2020, don haka abin da ya rage a kasuwa kaɗan ne ƙwarai. Sotheby's da kansu sun ƙiyasta dala miliyan 1 zuwa 1.5, masu taya suka yi ta ɗagawa har aka buga guduma a kan miliyan 5.2, ragowar miliyan ɗayan kuma la'adar gidan gwanjo ce.

Ban yarda a kira shi damfara ba, domin babu wanda aka ɓoye wa komai, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da nake gani shi ne Justin Sun talla ya saya. A makon da aka yi cinikin, babu babbar kafar labarai a duniya da ba ta ambaci sunansa da sana'arsa ba, kuma mutumin da harkarsa ta dogara ga jama'a su yarda cewa abin da ba a taɓawa da hannu yana da daraja, da wuya ya samu tallan da ya fi wannan dacewa da shi. Wannan ya bayyana mana dalilin kuɗin, amma bai amsa tambayar ko abin fasaha ne ba.

Malam Usman:
Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da aka sayi ayabar a wurinsa. Jaridar New York Times ta gano shi, dattijo ne ɗan asalin Bangladash mai shekara 74 a lokacin, yana tsaron teburin 'ya'yan itace a bakin titi kusa da ginin Sotheby's, kuma teburin ma ba nasa ba ne, ana biyansa dala 12 a kowace awa. An sayi ayabar a hannunsa a kan senti 35, wato ƙasa da rabin dala. Da aka gaya masa nawa aka sayar da ita a cikin ginin da ke bayansa, sai ya fashe da kuka. Daga baya Justin Sun ya yi alkawarin sayen ayaba 100,000 a teburin, alhali ribar irin wannan ciniki ta mai teburin ce, ba ta ma'aikaci ba. A addininmu zubar da dukiya a inda babu amfani yana da suna, almubazzaranci, kuma Suratul Isra'i ta kira masu yinsa 'yan'uwan shaiɗanu. Ko masana sun kira abin fasaha ko ba su kira ba, ni ban ga yadda sunan zai wanke wannan ciniki ba.

Hajiya Rabi:
Allah ya gafarta Malam, ban musa maka ba a kan almubazzaranci, amma hukuncin nan a kan mai saye yake, kuma zai hau kansa ko da zanen da aka shekara goma ana yi ya saya da wannan kuɗi. Abin lura shi ne labarin dattijon bai fito fili ba sai ta dalilin ayabar. A lokacin, kullum ana sayar da zane-zane na miliyoyin daloli a wannan ginin, kuma babu ɗan jaridar da yake fita waje ya tambayi mai tebur nawa yake samu. Cattelan ya saba yin irin wannan aiki da ke tona asirin masu dukiya. Shi ne ya ƙera masai na zinariya mai aiki, ya sa masa suna America, aka kafa shi a Guggenheim a 2016 talakawa suna bin layi suna amfani da shi, kafin ɓarayi su sace shi a fadar Blenheim ta Ingila a 2019. A fahimtata, ayabar tana nuna wa kasuwar fasaha fuskarta ne, kuma duk lokacin da farashin ya ƙaru, maganar da aikin yake yi tana ƙara tabbata.

Malam Nasiru:
Wannan hujja ita ce ta fi ba ni tsoro, Hajiya, domin babu ta inda za a kayar da ita. Idan mutane sun yaba, a ce aikin ya yi nasara, idan sun zaga, a ce ai dama zagin ake nema. Sannan wanda yake sukar kasuwa amma yana karɓar kuɗinta, masu kuɗin kuma suna tafa masa, sukarsa ba ta yi wa kowa ciwo ba. Ga wani ma'auni mai sauƙi. Sau da dama masu shara a gidajen adana fasaha na Turai sun kwashe irin waɗannan ayyuka sun zuba a kwandon shara, kamar yadda ya faru a birnin Bolzano na Italiya a 2015, inda aka share wani aiki na kwalabe da tarkacen biki. A 2016 kuma wani matashi ya ajiye tabarau a ƙasa a gidan fasahar zamani na San Francisco, baƙi suka taru suna ɗaukar hotonsa. Idan sai an karanta takardar da ke manne a bango kafin a san abu fasaha ne, to takardar ce take aiki.

Malama Zainab:
Malam Nasiru, ma'aunin masu shara ba ya auna abin da kake so ya auna. A 2024, a gidan fasaha na LAM da ke Holan, wani mai gyaran lif ya tsinci gwangwanayen giya biyu da suka lotse, ya jefa su a shara. Ashe aikin wani Bafaranshe ne mai suna Alexandre Lavet, kuma da hannu ya fente su dalla-dalla har suka zama kamar na gaske. A nan tsabar gwaninta ce ta sa aka ɗauke su shara, saboda haka kuskuren mai gyara bai tabbatar da rashin aiki ba.

Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda ka ɗauki ayaba ɗaya ka yanke wa fasahar zamani duka hukunci. El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka kafin ya yi ritaya, yana tara dubban marufan kwalabe, a daddaɓe su, a huda, a ɗinke su da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton mayafi mai rufe bango guda. Duk wanda ya tsaya kusa zai ga kowane ƙulli da aka murɗa da yatsa, idan ya ja baya kuma ya ga yadda haske yake gudu a jikin ƙarfen. Ibrahim Mahama na Tamale yana lulluɓe manyan gine-gine da tsofaffin buhunan koko da gawayi, masu ɗauke da tambarin 'yan kasuwa da facin da aka yi musu, kuma da abin da ya samu ya buɗe cibiyar fasaha a garinsu a 2019, inda yara 'yan makaranta suke shiga. Su ma kayan da aka yar suke amfani da su, su ma tunani ne a gaba, amma babu mai cewa babu gumi a ciki. Kafafen labarai sun fi son ayabar ne domin ita ce take sa mutane su fusata su yaɗa.

Alhaji Garba:
Akwai wani labari da ya nuna cewa abin yana da iyaka. A 2021 gidan fasaha na Kunsten da ke Aalborg a Denmak ya ba wani mai fasaha, Jens Haaning, aron kuɗi sama da kurona 500,000 domin ya jera su a cikin firam ya nuna abin da ma'aikaci yake samu a shekara. Sai ya aiko da firam biyu babu komai a ciki, ya riƙe kuɗin, ya ce riƙewar ita ce aikin. Gidan ya rataye su jama'a suka kalla, amma a 2023 kotu a Kopenhagen ta umarce shi ya mayar da kuɗin, bayan an cire ladan aikinsa. Alƙalin bai shiga gardamar mene ne fasaha ba, yarjejeniyar da aka sa wa hannu ya duba.

Malam Nasiru:
Malama Zainab, ayyukan El Anatsui da Mahama ba su cikin abin da nake suka, kuma dalilin da kika kawo na kare su, wato ƙullin da aka murɗa da yatsa, shi ne ma'aunin da na fara da shi. Damuwata tana ga ɗalibin da yake sashen zane a Zariya ko wata jami'a, wanda malaminsa yake sa shi ya maimaita zanen tafin hannu har sai ya daidaita, sannan ya buɗe waya ya ga abin da duniya ta fi biya. Me za a gaya masa ya ci gaba da haƙuri?

Hajiya Rabi:
Za a gaya masa gaskiyar yadda abin yake, Malam. Dala miliyan 6.2 ɗin nan ba Cattelan ne ya karɓa ba, ta tafi ga wanda ya mallaki takardar ya kai ta gwanjo da kuma gidan da ya yi dillanci. Shi kansa Cattelan an haife shi a 1960, ya shafe kusan shekara 30 yana nuna ayyuka kafin ayabar, kuma Guggenheim ta riga ta yi baje kolin ayyukansa gaba ɗaya tun 2011. Masu rumfar da suka fara sayar da ita sun ce ya gwada yin ta da tagulla da kuma roba kafin ya tsaya a kan ta gaske. Idan ɗalibin ya liƙa tasa ayabar gobe babu wanda zai taya, domin an riga an yi, kuma sunan da aka saya ba nasa ba ne. Ina ganin malaminsa ya ci gaba da sa shi zanen tafin hannun, amma ya koya masa tarihin Duchamp da na Cattelan a aji, domin ya san abin da zai tarar a kasuwar kafin ya shige ta.