Bushin gaban tsohuwar Hiace ya mutu, me zan yi?

Dan_Kasuwa: Salam 'yan uwa, Hiace ɗina da na sa wa katifa a baya nake kwana ciki idan na je cin kasuwa, in ta faɗa rami sai ka ji ƙwam ƙwam a gaba, sitiyari na ja gefe, taya kuma na cinyewa ta ciki. Bakanike ya ce bushin ne, wato robar da ke cikin hannun ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, in canza robar kawai ko duka hannun?

Oga_Injin: Wa alaikassalam Alhaji. In ƙarfen bai lanƙwashe ba roba kawai za a sa, amma da injin matsi, kar ka bari yara su buge shi da guduma wallahi sai sun yaga shi. Ka canza gefe biyun tare, kuma kar a ɗaure notocin tam sai an sauke motar daga jak ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba robar murɗewa take ta tsage da wuri.

Mai_Bas: Gaskiya ne oga. A Kofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, ka kula da jabu, robar kamar biredi. A duba bol join ma, wato gaɓar da ke haɗa hannun da wajen taya, tunda an kwance.

Dan_Kasuwa: Na gode. Alaimen fa, wato saita tayoyi?

Oga_Injin: Dole, ranar ma.